Dawar da Ta Je Dubai Ta Dawo

Ramatu, ke kika jawo wannan babin. Ranar sunan ɗan Laminu, ina zaune a zaure ana raba goro, na jiyo muryarki daga cikin gida kina ce wa matan yayyenki da Baba bai yi kyauta da fadama ba, da yanzu kowa yana da gonar albasarsa. Kin ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, zaɓen abin da zai ji yake yi. Ban ji haushinki ba, don haka aka ba ku labarin, kuma wanda ya ba ku shi, baffanku Hamidu, ya riga mu gidan gaskiya. Amma ni ma ina da nawa bakin, gara in faɗa tun da sauran haƙoran faɗa. Ke da Sanusi da Laminu ku karanta. In kun gama ku ci gaba da ganin wautata in kuna so, sai dai ku gan ta a inda take, don akwai wauta a labarin nan, amma ba wadda kuke zato ba ce.

Kakanku Alhaji ya bar ƙasa mai yawa a bakin Gulbi. Da aka yi rabo, Yaya Hamidu ya ɗauki ta gabas wadda dama shi ke nomawa, ni kuma aka ba ni Gonar Tsamiya, wadda ta taso daga tudu ta gangara har cikin fadama. Suna dai aka ba ni. Ni da aka kai Maraɗi koyon ɗinki ina shekara goma sha ɗaya, daga can Kano, daga Kano Jidda, ko iyakarta ban sani ba, kantar da ke hannuna ta almakashi ce. Wanda ya san gonar shi ne Baba Nomau. Ubansa ya zo garinmu a wata shekarar yunwa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, kakana ya ba shi aron wurin, ya sassabe shi, ya noma shi har ya mutu, Nomau ya ɗora. A garinmu aron gona ba shi da haya. Abin da yake da shi dami ɗaya ne. Kowace kaka mai aro zai ɗauko damin dawa a ka, ya kawo ƙofar mai gona ya ajiye. Ba don ci ba ne, dami ɗaya me zai yi wa gida. Don a tuna ne cewa ƙasar tana da mai ita. Damin shaida muke ce masa. Bayan rasuwar Alhaji, Nomau ya riƙa kai nawa ƙofar kakarku Inna, har ita ma ta rasu a shekara ta huɗu da zuwana Dubai.

Ni lokacin ina Satuwa, unguwar teloli. Shagonmu ɗan tsukuku ne tsakanin mai sayar da maɓallai da wani mai shayi, kekuna biyar, huɗu na Indiyawa da 'yan Bangaladash, na biyar nawa na surfani. Mai shagon, wanda muke kira arbab kamar yadda ake kiran kowane ubangida a can, ya ɗauke ni ne saboda alhazan Najeriya da Nijar masu zuwa sarin kaya, masu son a yi musu wuyan kaftani kafin jirginsu ya tashi. Ba yabon kai ba, har daga unguwar Dera ake tsallako ruwa a kawo mini shadda. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya bayan masallaci, gado bisa gado. Wanda ke samana Muntari ne, mutumin Zangon Kumasi, mai gadi a wani otal, ƙato mai dariya kamar ana mirgina ganga, wanda Hausarsa ba ta san mace ba, kowa da komai namiji ne a bakinsa.

Wata Juma'a da hantsi, bayan kakar dubu biyu da goma sha biyu, ina wanke kayana a bokiti sai Yaya Hamidu ya bugo. Shi ba ya bugowa, sai dai ya bari ta yi ƙara ɗaya ya kashe in kira shi. Da na ga ya bar ta tana ta kuka na san magana ce.

"Isuhu, gwamnati za ta shiga hwadama," in ji shi. "Za su ja ruwa, su yanka ta kaso-kaso. Kuma sun zo da doka."

"Wace doka, Yaya?"

"Ba magidancin da za a bari da hiye da kaso biyu. Wanda ko ba ya noma da hannunshi, irinka, ɗaya tak. Abin da ya yi saura, wanda masu awo suka iske shukarshi a wurin shi za a hwara ba, sannan sauran marasa gona. Ka gane mi nike hwaɗa maka? Gonar Tsamiya ta tahi hannun Nomau da ɗiyanshi."

Na ce to ai dama a hannunsu take. Ya yi tsaki irin nasa mai tsawo, sannan ya shimfiɗa mini dabarar da ya shirya. Za a rubuta ku ukun nan a matsayin magidanta masu noma, kowa kaso biyu, ga nawa ɗaya, gonar ta tsira kusan gaba ɗaya. Sanusi, kai lokacin kana gaban uwarka ko budurwa ba ka da ita. Laminu yana karatu a Yamai. Ke kuwa Ramatu, shekararki goma sha biyar, baffanki ya aurar da ke a takarda, ya kashe mijin, ya mai da ke mai riƙon marayu, duk a numfashi ɗaya. Abu biyu yake so daga wurina: in sa hannu a takardar wakilci, kuma in sallami Nomau kafin ruwan shuka, don masu awo su iske shukar da zai yi da sunanku, ba ta Nomau ba.

"Yaya, wannan ai ƙarya ce."

"Ƙasar ubanmu ce, Isuhu. Doka jiya ta zo. Kai kana can kana ƙawata wuyan mutane, rannan idonka za shi gaza su sallame ka. Mi za ka bar ma ɗiyanka, almakashi?"

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na haura hamsin, na fara kai allura nesa da fuskata kafin in zura zare. Da takardun suka iso ta hannun wani ɗan kasuwa ban yaga su ba, na ninke su na tura ƙarƙashin shimfiɗar kekena, kullum ina aiki a kansu. In Yaya ya tambaya sai in ce ofishin jakada akwai layi. Na yi makonni ina wannan jan ƙafa, ban ce i ba, ban ce a'a ba, kuma na san wace amsa ce take ƙara nauyi a zuciyata.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Lanto, wata 'yar kasuwar Maraɗi mai zuwa sarin abaya duk bayan wata biyu. Ta shigo shago tana haki, ta dire wani ɗan buhu a kan teburin yanka, har Indiyawa suka ɗaga kai.

"Malam Isuhu, wanga shi ne na hwarko kuma na ƙarshe. Mutane na zuwa Dubai su ɗauki zinariya, ni an aiko ni da dawa. Ka san tambayar da na sha a hilin jirgi?"

"Dawa kuma, Hajiya? Daga wa?"

"Wani tsoho, Nomau. Har gida ya isko ni. Ya ce in hwaɗa maka Inna ta rasu, bai san ƙohwar da za shi kai dami ba. Hamidu ya ce a kai mishi, shi ko ya ce gonar ba ta Hamidu ba ce. Ya ce an ce jirgi ba ya ɗaukar dami, shi ya sa ya sussuke. Wai a yi haƙuri."

Kaura ce, tiya biyu, an sheƙe ta tas, an ɗaure bakin buhun da kaba. Na ɗauke ta na sa hanci, ƙanshin rumbun gidanmu ya doke ni a tsakiyar Satuwa. Na zauna na kasa taka keke. Duk garinmu an san da zancen dokar nan, Nomau ma ya sani. Da ya yi shiru bana, da ya ce mai gona ya yi nisa, uwarsa ta mutu, aro ya shuɗe, ba wanda zai ga laifinsa, kuma da hujjarsa ta ƙara ƙarfi gaban masu awo. Amma tsohon nan ya sussuke dami, ya shiga mota zuwa Maraɗi, ya roƙi matar da bai sani ba, don ya aiko mini har bakin teku da shaidar cewa gonar ba tasa ba ce. Ni kuma ga takardun korarsa ƙarƙashin kekena. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Da na kai buhun ɗaki, Muntari ya leƙo daga gadonsa yana murna.

"Cale, abokina, dawan gida! Tuwo za a yi ko koko?"

Na ba shi labari. Dariyar ta ɗauke, ya sauko ya zauna a ƙasa yana juya buhun a hannunsa.

"Masa Yusif, mu a Zango, an haifi babana can, an haife ni can, amma ƙasan da ɗakinmu ke kai ba namu ba ne kuraa, ko taku ɗaya. Kowane shekara sai manyanmu sun je sun gaishe da masu ƙasa. Tsohon nan, ban taɓa ganin shi ba, amma na san shi sosai paa."

Ban tambaye shi shawara ba. Kwana biyu bayan haka Yaya ya sami labarin dawar, ya bugo yana rawar jiki, wai in riƙe buhun a ɗauke ni hoto in aiko masa, shaida ce ta cewa aro ne, ba mai musu. Nan raina ya ɓaci, na yanke cewa ba zan sa hannu ba ko sama za ta faɗo. Amma ni ƙane ne, ban taɓa ce wa Yaya a'a baki da baki ba, sai na ce bari in yi maganata da aiki. Ranar da Hajiya Lanto za ta koma na kai mata buhun yadda ya zo, ko ɗaurin ban taɓa ba.

"Hajiya, ki taimaka ki mayar mishi. Ki ce Isuhu ya ce ya riƙe abinshi."

Ta yi mita, ta karɓa. Ita 'yar birni ce, ba ta ga komai a ciki ba, ni ma haka. A tunanina na ce wa tsohon ke nan ba na bukatar shaidarsa, ya ci gaba da nomansa, in masu awo sun zo su ba shi abin da doka ta ba shi, ni su bar mini kasona ɗaya. Na dawo shago ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci. Har Yaya ya bugo da fara'a yana cewa ashe ina da ciki, na yi abin maza, ban farga ba. Na ɗauka Allah ne ya sassauta zuciyarsa, na ce alhamdu lillahi. Wata biyar na yi ina yawo a Dubai da wannan alfaharin. To ga wautar da na ce ku gani.

Uwarku ce ta farkar da ni. Saura kamar wata guda a kama azumi, hadari ya fara haɗuwa a gida, ta je garinmu ta'aziyya. Ta bugo mini da azahar, ina cin shinkafa a bakin shago. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Malam, mi ka yi ma Baba Nomau?"

"Alheri na yi mishi. Na mayar mishi da dawarshi."

Ta yi salati, ta sake yi.

"Kai ɗan wane gari ne? Dami in an karɓa, aro ya ci gaba. In an maido shi ta hannun ɗan aike, an ce ka tashi ke nan. Wanga ko yaro ya sani. Tsoho bai yi sharar gona ba, bai kai taki ba. Ɗiyanshi uku suna ɗaurin kaya za su tahi Agadas neman aiki. Buhunka na nan rataye cikin rumbunshi, bai ci ba, bai buɗe ba. Yaya ko har ya kama 'yan ƙwadago, ruwa kawai yake jira."

Na ture kwanon shinkafar. Na roƙe ta ta kai wa Baba Nomau waya. Ta taka har gefen gonar inda bukkokinsu suke, ta kara masa a kunne. Na yi bayani, na rantse, na ce kuskure ne, ban san ma'anar ba, ya koma gonarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi magana a hankali, ba fushi a ciki ko kaɗan, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Na ji muryarka, ɗan Alhaji, na gode. Amma dawa ta dawo gari na kallo. In na shiga gonar nan da hauya, na zama mai ƙwace. Ubana bai yi ba, ni ma ba ni yi."

Uwarku ta karɓi wayar ta matsa gefe. Na ce Hadiza, ba wata hanya? Ina jin kukan awaki a bayanta.

"Akwai," in ji ta. "Ta ukku. Mai gona ya zo da ƙahwarshi, ya tsaya cikin gonar gaban mai gari da liman, ya kwance ɗaurin damin da hannunshi, ya ce ba ni da dami a nan, ɗiyana ba su da shi. Shi ke nan gona ta hita hannunshi har abada. Kuma ka sani, ba a kwance rabi. In ka kwance, har kaso ɗayan da doka ta bar maka ya tahi."

"Ke mi kika gani?"

"Ni uwa ce, ban so ba. Da ka karɓi dawarka ka yi shiru, da shi ya samu, mu ma mun samu. Amma ba ni son a ce mijina ya kori tsoho bisa kuskure. In za ka kore shi, ka kore shi da saninka."

Na koma kan keke ina taka shi ban san abin da nake zanawa ba, har na ɓata wuyan rigar wani Alhaji. Hanya biyu ce gabana, kuma dukansu a fili suke. In na yi zamana, ba wanda zai zarge ni. Nomau ya tashi da kansa, Yaya zai yi shuka, in sa hannu, ku sami fadama, ni in ce ban sani ba. Ai kuwa da farko ban sani ba ɗin. Amma yanzu na sani, uwarku ta tabbatar na sani. In na bari ruwa ya sauka ina Satuwa, to na kore shi da sanina, na kori gidan da ya yi shekaru fiye da nawa yana zuba gumi a wurin da ni ko iyakarsa ban sani ba. Na yi tunaninku, kada ku ce ban yi ba. Na yi tunanin kuɗin makarantar Laminu, na yi tunanin idona. Sai na ga in na ba ku gonar nan, kowace albasa da za ku ci daga cikinta da ƙarya uku a gindinta da tsoho ɗaya. Na ce ba da ni ba. Na zaro takardun daga ƙarƙashin keke na yayyanka su da almakashin shadda, na zuba a kwandon ƙyalle.

Washegari na tari arbab. Mutumin ba mugu ba ne, amma wata guda kafin azumi ba lokacin neman hutu ba ne ga tela, shadda ta taru har rufi.

"Yusuf, mafi ijaza," in ji shi. "Ba'ad Id, yalla, ruh."

Wato babu hutu sai bayan Salla. Na ce masa bayan Salla an riga an auna gona. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce gonar tawa ce za a ƙwace? Na ce a'a, tawa ce zan je in bayar. Ya kira ɗaya daga cikin Indiyawan ya fassara masa, don yana zaton Larabcina ne ya karye. Da ya tabbatar, ya ce in na fita yanzu sai dai ya soke bizata ya kawo wani, kuma in sani a shekaruna ba mai sake ɗauko ni. Na ce na sani. Ya ce halas, wato shi ke nan? Na ce halas. Na lulluɓe keken da na yi shekara huɗu a kansa, na sa almakashina a aljihu. Muntari ya ɗauki hutun rabin yini ya riƙa mini jaka har filin jirgi, duk hanya yana zagina wai ni mahaukaci ne, yana share ido da bayan hannu.

Na isa garinmu kwana ɗaya bayan ruwan farko. Ban sauka gidan Yaya ba, don na san in na shiga ya zaunar da ni ba zan iya tashi ba. Na wuce wurin mai gari, muka ɗauki liman, aka aika a kira Nomau ya zo da buhun. Kafin mu isa gona rabin gari ya biyo mu. A ranar na fara taka Gonar Tsamiya a matsayin mai ita, da takalmin Dubai yana nutsewa cikin laka. 'Yan ƙwadagon Yaya suna gefe da sungumi, shi kuma yana tsaye gindin tsamiyar, hannuwansa a baya.

"Isuhu, ka zo gari ba ka gaishe ni ba."

"Ina zuwa, Yaya. Bari in gama."

"In ka taɓa buhun nan, ba ni da ƙane."

Yaya ne ya goya ni, shi ya raka ni tasha ranar da aka kai ni koyon ɗinki. Amma ban juya ba. Nomau ya iso, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, ya ajiye buhun a gabana ya ja da baya. Na durƙusa na kama ɗaurin. Kabar nan ta je Dubai ta dawo, ta yi wata biyar a rumbu, ta bushe ta ƙanƙame kamar ƙarfe. Na ja, na murɗa, farcena ya karye, mutane suna kallo, wasu sun fara murmushi. Sai hannuna ya tafi aljihu da kansa ya zaro almakashi. Nomau ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ba a yankewa, ɗan Alhaji. Kwancewa ake."

Aka fashe da dariya, har liman. Na mayar da almakashin, na sa haƙori, na jiƙa kabar da yawu, na bi ta a hankali yadda nake bin zaren da ya sarƙe a keke, har ta saki. Na miƙe na faɗi abin da uwarku ta koya mini, da ƙarfi yadda na gindin tsamiya zai ji: ba ni da dami a nan, 'ya'yana ba su da shi. Liman ya yi fatiha. Nomau bai yi godiya ba. Ya tsuguna ya ɗebi dawar a tafin hannunsa ya daɗe yana kallonta, sannan ya kira babban ɗansa ya ce a kwance kayan Agadas, a kawo sungumi. Da ita aka fara shuka a ranar. Da na waiga gindin tsamiya ba kowa.

Masu awo sun zo ana cikin azumi, suka iske dawa ta kai gwiwa. Shi ma Nomau doka ba ta bar shi ya wuce kaso biyu ba. Aka ba shi nasa, aka ba 'ya'yansa magidanta, abin da ya rage aka ba wasu gidaje biyu da ba su taɓa mallakar ƙasa ba. Ni ban sami ko kunya ɗaya ba. Na buɗe ɗan shagon nan da kuka sani a Maraɗi da keke guda. Laminu, karatunka na Yamai da ya tsaya a shekara ta biyu, wannan ne dalili, ba abin da aka ce maka ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Na ci maka hakki, ka yafe mini. Yaya Hamidu kuwa ya cika maganarsa. Na je gidansa Salla bakwai ina gaisuwa daga zaure yana aiko a ce ba ya nan. Ban sake jin muryarsa ba. Da ya rasu ni na ɗinka likkafaninsa, da hannu, ban bar kowa ya taɓa ba.

Ban ce ku yaba mini ba. Da na san al'adar garinmu kamar yadda na san wuyan kaftani, da na karɓi dawar nan na ba Muntari ya yi kokonsa, da yau kuna da kaso ɗaya a fadama, Nomau yana da nasa. Jahilcina ne ya cinye muku wannan, shi za ku riƙe ni da shi. Amma tafiyar da na yi, da ɗaurin da na kwance, ko yau aka mai da ni bakin shagon Satuwa da shinkafa a hannu, zan sake lulluɓe keken nan. Na ji an ce akwai lauyoyin da ke tayar da irin waɗannan maganganu bayan mai su ya mutu. Kada wanda ya kai ku. Jikokin Nomau ba su san ku da komai ba sai gaisuwa, ku bar shi haka. In kaka ta yi kuka ga ana shiga gidajen mutane da damin shaida, namu ba wanda ya nufo, kada ku tambayi kowa dalili. Ni na kwance shi, da haƙorina.